Kwanon tuwon sallah ne yafi tsaya min a rai

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan anyi sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Don Allah a bani dan fili in fadi abinda ya dade yana cina. Ni 'yar cikin birnin Kano ce, shekarata uku kenan a Birmingham ta kasar Ingila ina aikin jinya, kuma duk sanda sallah ta karato sai kawayena na gida su fara cewa ai ku kun huta, ba ruwanku da rigimar tela ba ruwanku da layin kitso da kunshi. Wallahi ba hutu bane.

Sallata ta farko anan itace karamar sallar 2023, ranar Juma'a ce bazan manta ba, dutin dare nayi na fito wajen karfe takwas na safe na hau bas, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa zai tafi aiki, ba wanda yasan yau wata rana ce balle yace min barka da sallah, don anan sallah ba ranar hutu bace, yara ma sai ka sanar da makaranta sannan a daga musu kafa na kwana daya. Ina zaune a bas din nan hawaye na zuba na kasa tsaida su.

Ba wai babu musulmi bane, akwai su sosai. In ka shiga unguwannin Small Heath ko Alum Rock ko Sparkbrook zaka ga masallatai da mahauta na halal ko ta ina, kuma idin da masallacin Green Lane yake shiryawa a filin Small Heath dubun dubatar mutane ke zuwa, 'yan Pakistan da Somaliya da Yaman da Bangladash da mu 'yan Afirka ta yamma, abin gwanin sha'awa, saidai in ruwan sama ya jika filin a soke a koma masallaci ayi ta rukuni rukuni. Amma ana sallamewa kowa ya kama hanyar motarsa shikenan. Ba tambari ba kakaki ba karar bindigar 'yan bindiga, ba tsayawa bakin titi jiran sarki ya taso daga Kofar Mata. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa kam na hakura, in anyi ina gani a waya, dawaki da jafi a Kofar Kudu duk waya tana kawo min su.

Abinda waya ta kasa kawo min shine kwanon tuwo.

A gidanmu tun kafin asuba Inna take dora tukunya, tuwon shinkafa da miyar taushe, wata shekarar harda waina, kafin maza su dawo daga idi an jera kwanukan samira a tsakar gida sun fi ashirin, mu yara da sabbin kayanmu ana dora mana a ka ana cewa wannan gidan Goggo, wannan gidan Malam, wannan na tsohuwar karshen lungu da bata da kowa, ki tsuguna ki gaida ta da kyau. Kuma kwano baya dawowa haka, a juye namu a zuba mana nasu a hada mana da goron sallah. A wannan aiken na san dangina, na san wacece kanwar kakata, na san waye aminin Baba tun suna makarantar allo. Har matar da suka yi wata uku basa ga maciji da Inna sai an kai mata, kuma in kwanon ya dawo da abinci a ciki to magana ta wuce kenan ba sai an tara kowa ba. Sai da na zo nan na gane ashe ba abinci kadai ake aikenmu dashi ba.

Shekara ta biyu nace bazan sake zama ina kuka ba. Muka hadu mu gida takwas, wasu 'yan Kano da Zariya, wata 'yar Maradi, da wasu 'yan zangon Kumasi da Hausarsu mai dadi, muka ce kowa ya nemi hutu tun da wuri, wanda shima aiki ne don kana cewa shugabar aiki ko Laraba ko Alhamis sai an ga wata, ita kuma bata gane ba. Ga shi anan babu Sarkin Musulmi da zai yi sanarwa kowa ya bi, wasu masallatan Saudiyya suke bi wasu Maroko, sai kaga gari daya sallah biyu. Mu dai muka ce masallacin da yawancinmu ke zuwa shi zamu bi.

Kayan girki kuwa a hankali muka gano su. Gero yana shagon Indiyawa da sunan bajra, tsamiya da kabewa da alayyahu duk akwai, kuka da daddawa sai in wani zai zo daga gida a roke shi, amma kilishi da man shanu kar ma a fara, doka ta hana shigo da nama da kayan madara, a filin jirgi za'a karbe. Tuwon yana yi, ba kamar na murhu ba amma yana yi.

Sai na zuba a robobi muka shiga mota da maigida da yara, in mun isa kofar gida ni bana fita, su nake turawa su kwankwasa su tsuguna su gaida mutane da Hausa suce wai inji Mama ga tuwon sallah. Da farko babbar 'yata kunya take ji tana cewa mutane na kallonta, yanzu ita ke rubuta sunayen gidajen. Makociyata 'yar Pakistan nan take ta gane, robar ta dawo da taliyar nan tasu mai madara da suga. Wani dattijon Bature dake kusa damu kuwa tambayar yaran yayi nawa zai biya, sai da maigida ya fita yayi masa bayani, da Kirsimeti tazo sai gashi da kansa da cakulan.

Babbar sallah tafi wuya. Ba'a yanka a gida, sai a mayanka mai lasisi, zaka biya mahauci tun kafin sallah ya baka lamba, washegari ko rana ta uku kaje ka karbo nama a leda an riga an sassare, ba fata ba babbakar kai da kafa, suyar ma sai ka bude tagogi don kar kararrawar hayaki ta tara maka makota. Karamin dana ya taba tambayata wai ina ragon yake, tambayar ta dade tana damuna. Da yawa cikinmu gida suke tura kudin layya kawai, muma muna turawa don masu bukata sunfi yawa a can, amma ni na dage sai anyi daya anan ko da tsada, saboda yaran su zauna su kasa naman da hannunsu su kai wa mutane. Masu cewa almubazzaranci ne ban yarda dasu ba.

To Malam Edita ga abinda yasa na rubuto. Wannan sallar na kira Inna ta bidiyo da safe nace ta haska min tsakar gida, na kirga kwanuka guda shida kacal. Tace ai yanzu mutane sun daina, wasu tsada wasu kuma sai dai su turo sakon barka da sallah ta WhatsApp, in ka aika musu ma kwanon sai ya kwana uku bai dawo ba. Nasan halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a 2023, nasan kudin kwanon shinkafa don ni nake turawa, ba daga nesa nake yiwa kowa gori ba. Amma don Allah iyayenmu da 'yan uwana mata, ko malmala biyu ce a zuba a dorawa yaro a ka ya fita. Mu nan sai munyi tafiyar minti arba'in a mota kafin mu kai roba daya, ku kuma katanga ce kawai tsakaninku.

Na roki Inna ta fada min sunayen gidajen da ake kaiwa a da, mun kirga tare ta waya mun samu ashirin da uku, hudu daga ciki masu gidan sun rasu, Allah ya jikansu, nace ko 'ya'yansu ne a kai musu. Na kuma ce in wani zai taho ta bashi kwanon samira daya cikin tsofaffin nan nata ya kawo min, shi nake so 'yata ta dauka da babbar sallah.

Wassalam,
Wata 'yar Kano mazauniyar Birmingham