Dintsi ɗaya ya isa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka shiga tsarin keto, wato cin abinci mai ƙarancin sitaci, ka bar shinkafa da burodi da sukari, da farko nauyinka ya yi ta sauka, yanzu kuma ya tsaya cak, har kana tunanin ko jikinka ne bai karɓi tsarin ba. Saukar farkon nan yawancinta ruwa ne: jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka tare da ruwa, idan ajiyar ta ƙare sai ruwan ya bi ta. Tsayawar kuwa, inda na fi zargi shi ne inda ka ce ka ajiye almon da cuku kusa da kai kana ɗan tsakura tsakanin abinci, tunda ba su da sitaci.

Gaskiya ne sitacinsu kaɗan ne, amma mai ne fal a cikinsu. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4 ne. Shi ya sa abin da ido ke rainawa yake da nauyi a jiki. Ma'aunin da aka saba yi wa irin waɗannan 'ya'yan itatuwa shi ne giram 28, wato abin da zai zauna a tafin hannu ba tare da an tula ba. A almon wannan ƙwaya 23 ne ko kusa da haka, kalori wajen 160. Makadamiya, wata ƙwayar itace mai mai irin almon, ƙwaya 10 zuwa 12 kacal ta kai kalori 200. Mutum yana hira ko yana kallo, hannu na shiga leda yana fita, sai ya cinye dintsi uku ko huɗu bai ankara ba. Ka ga ya ci kalorin cikakken abinci, shi kuma a ransa bai ci komai ba tukuna.

Sitacin ma taruwa yake yi. Yawancin masu keto suna tsayawa tsakanin giram 20 zuwa 50 a rana. Giram 28 na almon yana da giram 6 na kabohaidiret, wato sitaci da sukari da fiba a haɗe, fiye da rabi fiba ce wadda ciki ba ya narkarwa, saura kamar giram 3 da jiki zai ɗauka. Dintsi ɗaya ba ya komai. Huɗu kuwa sun cinye rabin rabonka na yini idan a kan 20 kake. Kashu ya fi su duka yaudara: a wannan ma'aunin yana da wajen giram 8, don haka da zan ba ka shawara, ka rabu da shi kawai.

Cuku mai tauri giram 28 kalori 110 ne da ɗoriya, sitacinsa bai kai giram ɗaya ba, girmansa kuwa bai wuce kwalin ashana ba. Ka yanka wannan ɗin, ka mayar da saura firji kafin ka zauna. Rabin fiya, kamar giram 100, kalori 160 ne, kuma fibar da ke cikinta tana taimaka wa masu fama da taurin bayan gida, abin da ke yawan damun sababbin shiga keto. Niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba babban cokali biyu a shafe kusan kalori 190 ne, amma wa ke cika cokali a shafe? Ni a wurina dafaffen ƙwai ya fi su duka: kalori kusan 80, furotin giram 6, yana riƙe ciki, kuma da wuya mutum ya ci biyar bisa mantuwa, ko don ɓawon da sai ya ɓare.

Akwai wata magana da ke yawo cewa sai ka cika adadin mai na rana, har mutane na zuba bota a kofi ko su haɗa dunƙulen man kwakwa da garin koko na cakulan suna ci da sunan alawa. Wannan ta samo asali ne daga inda tsarin ya fito. A 1921 wani likita, Russell Wilder, a asibitin Mayo da ke Amurka ya gabatar da shi don maganin farfaɗiya, musamman ta yara. A can ana ba da giram 4 na mai a kan kowane giram 1 na furotin da sitaci a haɗe, kuma komai sai an ɗora a sikeli ƙarƙashin kulawar likita. Kai ba farfaɗiya kake magani ba, teɓa kake son ragewa. Ƙarancin sitaci ne ke sa hanta ta fara sarrafa kitse, ba yawan mai ba. Idan ka wadata jiki da man cokali, me zai kai shi taɓa wanda ya ajiye a ciki? Babban cokali ɗaya na bota kalori 100 ne, na man zaitun kusan 120.

Ka riƙa karanta bayan leda, musamman waɗanda aka rubuta wa keto da manyan baƙaƙe. Duba lissafin na giram nawa ne, domin sau da yawa ƙaramar leda rabo biyu ce ko uku. Sannan kayan Amurka suna haɗa fiba cikin jimillar kabohaidiret, sai ka cire da kanka, na Turai da Ingila kuwa an riga an ware ta, idan ka sake cirewa ka cuci lissafinka. Idan ka ga maltitol, wani abin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, cikin kayan haɗin, yana ɗaga sukarin jini, kuma yawansa na sa kumburin ciki da gudawa.

Ka nemi ƙaramin sikelin kicin, ka yi awo na ɗan lokaci har idonka ya san girman giram 28, daga nan ba sai ka ci gaba ba. Ka zuba rabonka a ƙaramin kwano, kada ka ci daga leda. Sau ɗaya a yini, abin da bai wuce kalori 200 ba, ya isa. Idan kuma kullum yunwa na kama ka tsakanin abinci, to babban abincin ne bai ƙosar ba, ka ƙara masa nama ko kifi ko ƙwai da ganye.

Ban manta ba ka taɓa ce min an ɗora ka a kan maganin suga. In har yanzu kana sha, don Allah ka sanar da likitanka cewa kana keto. Insulin da wasu ƙwayoyin na iya sauke sukari ƙasa sosai idan an yanke sitaci, rukunin da ake kira SGLT2 kuma na iya jawo taruwar asid a jini mai haɗari. Ka roƙe shi ya auna maka kolestarol ma, tunda cuku da bota kan ɗaga shi ga wasu mutane.

Ka rubuto min abin da kake ci daga safe zuwa dare, da awonsa, mu duba tare. A gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Naka har kullum.