Keke da iyali: Hajiya ki ba ni shawara

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah shi ƙara basira. Ni magidanci ne nan Sakkwato, shekarata 39, mata ɗaya da ɗiya ukku, ma'aikacin gwamnati ne. Ina sauraren shirinki kullum shi ya sa nic ce bari in kawo tawa.

Wata bakwai da sunka wuce likita yac ce min jinina ya fara hawa, ga tumbi, yac ce in dinga motsa jiki tun kafin a kai ga magani. Sai na sayi keken tsere na gwanjo, irin mai siririyar taya da giya, wallahi ranar farko ko unguwarmu Arkilla ban fita ba numfashi ya ƙare min, amma yanzu Alhamdulillah ina yin kilomita 40 ranar Asabar, nauyina ya ragu da kilo shida kuma barcina ya gyaru. To akwai abokina da munka yi jami'a tare, shina zaune Jos, su can suna da ƙungiyar masu hawan tsauni da keke, shi ne yac ce in shirya in zo mu hau tare bayan damina. Tun da na kalli gasar tseren keke ta duniya da anka yi a Kigali ta Ruwanda a 2025, na ga yadda ake hawan tuddan nan, abin ya shiga raina sosai, ba zan ɓoye miki ba.

Matsalar ita ce ke kin san garinmu shimfiɗaɗɗe ne, mu nan tsayinmu daga teku bai wuce wajen mita 300 ba, Jos kuwa ta kai mita 1,200, kuma hawan tudu ba irin gudun fili ba ne, ƙafa ba ta samun hutu ko na daƙiƙa, in ka daina taka feda keken tsayawa zai yi. Tunda babu dutsen da zan gwada, abokina yac ce in sa giya mai nauyi in fuskanci iska in yi ta takawa minti goma ba tsayawa, in huta biyar, in sake, sau huɗu, sannan in sami gada mai ɗan tudu in yi ta hawa da sauka. Lokacin hunturu iskar nan ta taimaka min ƙwarai. Yac ce kuma dole sau ɗaya a sati in yi doguwar tafiya ta awa ukku ko fiye don jiki shi saba da wahala. Kuma da zafinmu na bazara da ke wuce digiri 40 ba ka da wani lokaci sai bayan sallar asuba, in rana ta ɗaga an gama.

To nan ne rigimar take Hajiya. Wanga lokaci na bayan asuba shi ne da nake zama da yara muna tilawa kafin su shirya makaranta, ranar Asabar kuma ni ke kai su gaida Inna a cikin gari, mu biya kasuwa mu yi cefane. Yanzu in na dawo ƙarfe goma na sha ruwa na yi wanka sai barci, har azahar ba ni da amfani ga kowa. Maman yara mace ce mai haƙuri, ta daɗe ba ta ce komai ba, sai satin da ya wuce tac ce min ita ba lafiyata take baƙin ciki da ita ba, amma tun da keken nan ya shigo gidan ita kaɗai ke fama da yara, kuma duk sanda na fita hankalinta ba ya kwanciya saboda tireloli da yanayin tsaro a hanyoyin bayan gari. Gaskiya ta faɗa, ban iya ba ta amsa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne babban ɗana mai shekara tara, ya tambayi uwarsa wai Abba ya daina zuwa gidan Inna ne. Wagga magana ta hana ni barci.

Na gwada rage fita zuwa kwana ukku a sati, na daina wuce Wamakko, ina sa hular kwano kuma ba ni fita ni kaɗai. Na yi tunanin in sayo ƙarfen nan da ake ɗora keke a kai a taka cikin gida, amma kuɗinsa da yawa ga kuɗin makaranta na tafe, ban san ko ya dace in taɓa kuɗin gida don shi ba.

Hajiya mi kike gani? In haƙura da maganar Jos bana in tsaya kan ɗan motsa jikin da likita yac ce kawai, ko akwai yadda zan tsara abin in mayar wa yara Asabar ɗinsu ba tare da na zubar da wahalar wata bakwai ba? Kuma ta yaya zan zauna da maman yara mu yi maganar ta gane ba gudun gida nake ba? Don Allah a ɓoye sunana.

Na gode, ɗan'uwanki daga Arkilla, Sakkwato.