Ciwon kwatangwalo: a duba gaɓar kafin a saba da haɗin kemis

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi bayani kan zaizayewar gaɓar kwatangwalo, ciwon da jama'a a nan Sakkwato ke cusawa cikin buhun "sanyin ƙashi" su yi ta shan magani har gaɓar ta gama lalacewa.

Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, kamar taɓarya cikin turmi. Guringuntsi mai santsi ya lulluɓe fuskokin biyu. Idan mutum na tafiya, nauyin da ke sauka kan gaɓar yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Da guringuntsin ya fara cinyewa, sai tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta ragu, ƙashi ya tsiro a gefe, gaɓar ta sage.

Inda ciwon ke rikita mutane shi ne wurin da ake jin sa. Galibi a matsematsi yake, ya gangaro gaban cinya, wani lokaci har gwiwa. Akwai mai yin shekara yana shafa wa gwiwa magani alhali gwiwar lafiya lau take. Ka lura da mutumin da ya kasa yanke farcen ƙafarsa, ko sai ya ɗago cinya da hannu kafin ya hau kabu-kabu, ko zaman tahiya da tsuguno a bayi suka zame masa aiki. Sagewar safe a wannan ciwo ba ta cika wuce rabin awa ba. Hoton ƙashin ƙugu guda ɗaya, wanda ya nuna ɓangarorin biyu, yakan isa likita ya gane.

Tsufa, ƙiba, gado, aikin ƙarfi da tsohuwar karaya da ta ɗoru a karkace duk suna kawo shi. Amma idan matashi ne, a binciki sikila, domin tana toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu ya lotsa. Abu na biyu ya fi ɓata mana rai: Dexamethasone da Prednisolone da ake zubawa cikin haɗin ciwon jiki, wasu mata kuma su sha don ƙiba. Daɗewa kan shan su na kashe kan ƙashin ta wannan hanya. Mai shan su da daɗewa kada ya yanke dare ɗaya. Likita ne zai rage masa a hankali.

Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, ba da ƙaho ba, ba da tsaga ba. Abin da ke rage zafi shi ne ƙarfafa naman da ke riƙe gaɓar. Ka kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwoyi, ka ɗaga ƙugu sama, ka ƙirga biyar, ka sauke, sau goma. Ka juya kan gefen da ke da lafiya, ka ɗaga ƙafar mai ciwo a miƙe sau goma. Sannan tashi da zama a kujera ba tare da dafawa ba. A yi sau biyu a rana, a jure kamar wata uku kafin a yanke hukunci. Ɗan zafi bayan motsi ba laifi. Idan ya kwana ya wuni, a rage adadin, kada a daina. Kwanciya kullum ita ke ƙara sage gaɓar.

Sanda kuwa, a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta: ciwo a dama, sanda a hagu. Tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu idan an miƙe tsaye. Kujerar bayi da sallah a kan kujera suna sauƙaƙa rayuwa ƙwarai.

Paracetamol kada ya wuce giram 4 a rana ga babba. Ibuprofen da Diclofenac sun fi shi aiki, sai dai suna jawo gyambon ciki, su hau da jini, su taɓa ƙoda, musamman a zafin Afrilu ko cikin azumi da jiki ke ƙarancin ruwa. Ba a haɗa Ibuprofen da Diclofenac, ba a shan su da yunwa.

Idan ciwon ya hana barci da tafiya, sai aikin sauya gaɓa, wanda John Charnley ya daidaita a Ingila a shekarun 1960. Mafi yawan gaɓoɓin da ake sakawa suna wuce shekara 15. A makonnin farko bayan aiki a guji tsuguno da harɗe ƙafa don kada ta goce. Ana ganin likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da asibitin ƙashi na Wamakko, da na Dala a Kano.

Wanda ciwonsa ya zo da zazzaɓi, ko rama da gumin dare, ko tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, kada ya jira ranar ganin likita. A kai shi sashen gaggawa a ranar.

Daga wasu ma'aikatan sashen gashin ƙashi,
Sakkwato.