Ba Kowane Ciwon Hannu Ne Sanyi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, mu masu aikin duba ƙashi da gaɓɓai. Mutum zai yi wata 6 hannu na damunsa, in ka tambaye shi mene ne, sai ya ce sanyi. Wuyan hannu sanyi, gwiwar hannu sanyi, kafaɗa ma sanyi. A cikin watannin nan ya sha ƙwayoyin kemis iri-iri, an yi masa allurai, wataƙila har da ƙaho ko tsaga, amma ba a samu wanda ya riƙe hannun ya ce masa, "Nuna min wurin da yatsa ɗaya" ba. Alhali daga kan yatsa zuwa kafaɗa cututtuka ne daban-daban, kowace da wurin zamanta, da lokacin tashinta, da maganinta. Yawancinsu da tambaya da taɓawa ake gane su, tun ba a kai ga ɗaukar hoto ba.

Kalmar jijiya ma tana ƙara dagula lamarin. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da ita kuma muke kiran zaren da ke kawo ji da motsi daga laka. Ciwon igiyar tsoka yana tashi ne in an sa wurin aiki, ya lafa in an huta. Ita kuwa jijiyar ji, in an matse ta, sai yatsu su sage, a riƙa ji kamar ana tsikara allura ko kiyashi na bin fata, kuma ta fi tashi da dare.

Mu fara da mai farkawa cikin dare tana yarfe hannu don ya dawo daidai. A gaban wuyan hannu akwai wani matsattsen rami, ƙasusuwa daga ƙasa, wani tantani mai tauri ya rufe shi daga sama. Igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu ne ke bi ta ciki, tare da jijiyar ji guda ɗaya. Da zarar wurin ya ɗan kumbura, jijiyar ce ke shan matsi. Alamarta ba ta ɓuya: babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin yatsan zobe su ne ke sagewa, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa ƙalau. An fi ganinta ga masu juna biyu, da masu ciwon suga, da masu ƙiba, da masu aiki da injin da ke girgiza hannu. Ana iya gwadawa a gida: a haɗa bayan hannuwa biyu a gaban ƙirji, yatsu na kallon ƙasa, a tsaya haka minti 1. In sagewar ta taso a waɗancan yatsun, to zargi ya ƙarfafa.

Maganin farko shi ne abin ɗaure wuyan hannu mai ɗan ƙarfe a ciki, wanda ake samu a manyan shagunan magani. A sa shi da dare kawai, hannu a miƙe ɗoɗar, na tsawon mako 4 zuwa 6. Dalili kuwa, a cikin barci mukan naɗe hannu ba mu sani ba, ramin ya ƙara matsewa. Na mai juna biyu yakan wuce da kansa bayan haihuwa. In bai ji ba, akwai allurar rage kumburi da likita ke yi a wurin, sannan akwai ƙaramar tiyata da ake kashe wurin kawai a tsaga tantanin, a koma gida a ranar. Abin da ba ma so a jira shi ne wannan: a ɗora tafuka biyu a gwada tudun naman da ke gindin babban yatsa. In na hannu ɗaya ya fara lotsawa, kofi na suɓucewa, maɓallin riga ya gagara, jijiyar ta fara mutuwa ke nan, kuma naman da ya zube ba lallai ya dawo ba ko bayan tiyata.

In kuma ƙaramin yatsa da rabin na zobe ne ke sagewa, wata jijiyar ce daban, wadda ta bi ta bayan gwiwar hannu daga ciki, wurin da in ka buge sai ka ji kamar lantarki ya ja ka. Dogara gwiwar a kan tebur ko tagar mota, da daɗewa da waya a kunne, su ne ke takura mata. A daina, da dare kuma a naɗe gwiwar da tawul don kada ta lanƙwashe. Sai dai a ƙasarmu dole a duba fata. In akwai wani tabo mai haske a jiki wanda ba a jin taɓawa a kansa, jijiyar kuma ta yi kauri, a je a yi gwajin kuturta. Maganinta kyauta ne, wata 6 ko 12, kuma wanda ya fara da wuri yatsunsa ba sa nakasa. Kunya ce ke cinye yatsun mutane a nan.

Mai jego da ke jin zafi a gefen wuyan hannu ta wajen babban yatsa, duk sa'ad da ta ɗaga jariri ko ta matse wanki, igiyoyi 2 na babban yatsan ne suka kumbura. Ta sa yatsan cikin tafi ta dunƙule, ta karkata hannun wajen ƙaramin yatsa. In zafin ya soke ta, shi ne. Ta daina ɗaga yaro ta hammata da yatsu a buɗe, ta riƙa tallabo shi da tafi da damtse, ta sa abin ɗauri mai kama babban yatsa. Yatsan da ke maƙalewa in an dunƙule, sai an ja shi ya buɗe da ɗan ƙara, shi ma igiya ce ta yi kauri, kuma mai shi ya auna suga.

Gwiwar hannu: kafinta, birkila, mahauci, tela mai almakashi, matar da ke daka da tuƙin tuwo. Su ne ke zuwa da zafi a kan ɗan tudun ƙashin da ke wajen gwiwar, wanda ke tashi in an ɗaga buta ko an yi musabaha da ƙarfi. Igiyar tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu ce ta gaji a inda ta manne da ƙashi. Yawanci yana warkewa cikin shekara guda, kuma a nan muna gargaɗi a kan allurar kumburi: tana kwantar da shi na 'yan makonni, amma in aka duba bayan shekara, waɗanda aka yi wa sukan fi samun dawowar ciwon a kan waɗanda ba a yi wa ba. Abin da ke aiki motsa jiki ne, sai dai yana son haƙuri. A ɗora damtse a kan tebur, tafi na kallon ƙasa, hannu ya zarce bakin teburin, a riƙe robar ruwa ta rabin lita. A ɗaga hannun da taimakon ɗayan, sannan a sauke shi a hankali shi kaɗai ana ƙirga 5. Sau 15, a huta, a maimaita har zagaye 3, kullum, na mako 8 zuwa 12. Ɗan zafi kaɗan ba komai; in ya kwana yana zogi, a rage nauyin. A wurin aiki kuma a naɗa tsumma a ƙotar guduma ko wuƙa ta ƙara kauri, a riƙa ɗaukar kaya tafi na kallon sama.

Kafaɗa ta fi ko'ina shan kuskure, domin cututtuka biyu ne ake haɗawa a suna ɗaya. Ta farko ita ce ta tsokoki 4 da suka rungume kan ƙashin damtse. Mai ita in ya ɗaga hannu ta gefe, zafin na kama shi a tsakiyar hanya, in ya wuce sama sosai ya ragu, kuma in wani ya ɗaga masa hannun yana tafiya har ƙarshe. Ta biyu ƙagewar kafaɗa ce, inda jakar da ta lulluɓe gaɓar ke kumbura ta tsuke. Wannan ko wani ne ya ɗaga, hannun ba ya zuwa. Ɗaura ɗankwali ya gagara, goyo ya gagara, sa hannu a aljihun gefe ko cuɗa baya ya zama aiki. Gwajinta: a manna gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, a lanƙwashe ta, a juya hannun waje kamar mai buɗe ƙofa, a gwada da ɗaya ɓangaren. Ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, kuma tana bin masu ciwon suga ƙwarai, har akan gano sugan ne ta dalilinta. Duk mai ƙagaggiyar kafaɗa ya auna suga, ko da yana jin garau.

Tana tafiya mataki-mataki: watannin zafi mai hana barci, watannin ƙagewa, sannan ta fara saki. Gaba ɗaya takan ci shekara 1 zuwa 3. A lokacin zafin ne allurar cikin gaɓa ke da amfani sosai. Bayan nan sai gashi: a ɗora tawul mai ɗumi minti 10, a sunkuya a saki hannun yana lilo, a tako bango da yatsu zuwa sama, a riƙe muciya ko sanda da hannu biyu, mai lafiyar ya tura mara lafiyar waje, a tsaya daƙiƙa 20. Sau 2 ko 3 a rana. Kada a yarda wani ƙaƙƙarfa ya fizge ta wai zai ɓalle ta. Ƙashin dattijo na iya karyewa a haka. Wanda kuwa ya faɗi, daga nan hannu ya ƙi ɗaguwa sam, mai yiwuwa igiya ce ta tsinke. Hoton ƙashi ba ya nuna ta, sai sikanin, kuma ɗinkinta ya fi kyau cikin makonnin farko.

Akwai ciwon da a kafaɗa ake jin sa amma ba can ya fito ba. Wanda ke sauka daga wuya har yatsu, yana ƙaruwa in an juya kai, na wuya ne. Ciwon kafaɗa ko hannun hagu tare da nauyin ƙirji, gumi da haki, zuciya ce, a tafi asibiti a lokacin. Macen da ta yi ɓatan wata, ga ciwon mara, ga jiri, ga zafi a ƙololuwar kafaɗa, ana tsoron cikin da ya zauna a wajen mahaifa ne ya fashe. Mai sikila da kafaɗa ta daɗe tana ciwo a yi masa hoto, domin kan ƙashin na iya mutuwa saboda ƙarancin jini. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi rau da zazzaɓi, ko ɗan karkare a hannun mai suga, ba a kwana da su.

Yanzu maganar ƙwayoyi, kuma za mu rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali. Paracetamol na babba: ƙwaya 2 masu 500mg, kada a wuce ƙwaya 8 a awa 24. Ibuprofen 400mg sau 3 a rana bayan abinci, kada a wuce mako guda ba tare da ganin likita ba. Ibuprofen, diclofenac da piroxicam 'yan gida ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake ƙarawa. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita, kuma ga ciwon wuyan hannu da gwiwa na shafawa ya fi aminci. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna, wanda sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Mutum zai ji daɗi kwana biyu, ya zarce da sha wata da watanni, fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi laushi. Garin neman gira a rasa ido. Ita kanta allurar gaɓa a asibiti ba a jera ta: a bar aƙalla wata 3 tsakani, kuma mai suga ya san za ta ɗaga masa suga na wasu kwanaki.

Sai faɗuwa, wadda ita ce ke raba yara da hannuwansu. Wanda ya faɗo daga babur ya dafa ƙasa da tafi, yana jin zafi a ɗan lotsin da ke gindin babban yatsa ta baya, kada a ce targaɗe ne a wuce. Cikin ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu akwai ɗaya da ke karyewa a nan, hoton farko ya fito kamar lafiya, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Jini ba ya isarsa sosai, in ba a sa filasta ba yakan ƙi haɗewa.

Yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro gwiwar hannu ta kumbura, karayar tana dab da babbar hanyar jinin hannu. Ba mu raina maɗora ba. Mun san su ne mafi kusa da jama'a, kuma mutane sun yarda da su. Roƙonmu gare su ɗaya ne: karayar gwiwar yaro, da wadda ƙashi ya huda fata, su tura asibiti, ko babban asibiti mafi kusa ko Asibitin Ƙashi na Dala. Hannun da ya karye yana ci gaba da kumbura kwana 2 zuwa 3. In aka jera karare aka tamke tun ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe jini, kuma cikin kamar awa 6 tsoka ta fara mutuwa. Daga nan ko hannu ya ƙandare yatsu a naɗe har abada, ko ya yi baƙi a yanke.

Iyaye su sa ido a daren farko. Yaron da kukansa ke ƙaruwa maimakon raguwa, wanda in an miƙar masa da yatsa ɗaya a hankali sai ya ƙwalla ƙara, yatsu sun kumbura sun yi sanyi, ko an danna farce ya yi fari bai dawo ja cikin daƙiƙa 2 ba, a kwance ɗaurin nan take, kada a jira wayewar gari ko zuwan mai ɗori. A cire zobe da awarwaro, a kwantar da hannun a cikin kwali da aka naɗe kamar kwararo, a rataye shi a wuya da ɗankwali ba tare da an ja ko an miƙar da shi ba. Kada a ba shi abinci a hanya, domin mai yiwuwa a sa shi barci a gyara ƙashin da isarsa.

Wassalam.

Daga wasu likitocin ƙashi da na gashi,
Kano.