Tsuntsayen da ke barin fadamunmu da bazara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukuma da 'yan'uwana manoma kan ƙananan tsuntsayen nan masu daɗin murya da ke yin kaka da hunturu a fadamun Baturiya da ke Jihar Jigawa, sannan su kama hanyar Turai cikin Maris da Afrilu. Kowa ya san shamuwa da damina, amma waɗannan baƙi ba a cika lura da su ba.

Tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 15 ba shi ne zai ƙetare Sahara, tafiyar kusan kilomita 2,000 babu ci babu sha, kuma iskar da ke kawo mana hazo daga arewa maso gabas ita ce ke tare masa gaba, sai ya yi sama ƙwarai kafin ya sami wadda za ta tura shi. Ba shi da guzuri sai kitsen jikinsa. Shi ya sa da bazara ta kama za ka gan su tun da sassafe a kan bagaruwa, suna bin reshe bayan reshe suna tsintar ƙwari da tsutsa ba hutawa.

Daminar bara ce ke ba da wannan kitse. Idan an sami ruwa, kogin Haɗeja ya malala cikin fadama, ƙwari ba sa yankewa har ƙarshen rani. Idan kuwa an yi fari, tsuntsu zai tashi a rame ya faɗi a hamada. Bayan farin 1968, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun tarar a 1969 cewa kusan kashi uku cikin huɗu na wani tsuntsu mai farin maƙogwaro ba su koma ba, aka bi sawu aka gano cewa rashin ruwa a yankinmu ne sanadi.

Ruwan sama na Allah ne, wannan ba mu da ta cewa. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 malalar ruwa ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, masu gawayi kuma sun tasam ma sauran itatuwan, abin da ke damuna matuƙa, domin tsuntsayen nan suna rage mana ƙwarin gona kyauta. Ina roƙon hukuma ta riƙa sakin ruwa daidai da buƙatar fadama, hakimai da dagatai su tsawata wa masu sare bagaruwa, masu feshin jan-baki kuma su tsaya a makwancin jan-bakin kaɗai.

Wassalam.

Wani manomi,
daga Kirikasamma, Jihar Jigawa.