Godiya ga mai shagon kayan zane na Terminus

Assalamu alaikum.

Ni tela ne a Unguwar Rogo, nan Jos, rubutu ba sana'ata ba ce. Wannan wasiƙa ta Alhaji ce, mai ɗan shagon takardu da kayan zane a titin Ahmadu Bello, kusa da babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002, shi da yaron shagonsa. Alhaji ya ce kada in kama sunansa, to na bi umarni, amma bai hana ni faɗin abin da ya yi ba.

Ɗana na biyu shekararsa 12. Tun da damina ya dawo daga makaranta da wani kati da ya yi musayarsa da abokinsa, ɗauke da hoton wata halitta mai ruwan lemo, ga fukafukai, ga wuta tana ci a bakin jela. Wai Charizard, cikin katunan wasa na Pokémon masu hotunan ƙirƙirarrun halittu. Kakarsa ta duba ta ce ai ƙadangare ne ya samu wuri. Ashe tsohuwa ta harbo, domin a Japan Lizardon suke ce masa, kuma sunayen biyu duk daga kalmar ƙadangare ta Turanci aka samo su. Daga ranar bayan littafin lissafinsa bai sake ganin fari ba, har allina na ɗinki sai da ya fara ɓacewa.

Ranar da ya gwada sa kalar ruwa aka yi kuka. Takarda ta yamutse kamar yadin da aka kwana a kansa, tawadar biro ta malale ta cinye idon dodon. Da Asabar ta zo na sa shi a gaba zuwa Terminus, da niyyar in sayo masa akwatin kala mafi girma a shagon, a huta.

Alhaji, ka tuna abin da ka ce? "Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Abokina, ina zanen?" Ka shimfiɗa takardar nan da ta lalace a kan kanta, ka sa tabarau, ka dube ta kamar takardar fili. Masu sayen biro da ambulan suna shiga suna fita, kai kana kan yaron kusan awa guda.

A nan na ji cewa takarda ce ta yi laifi. Irin wadda ake hoton takardu da ita nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, ta zanen ruwa kuwa takan kai 300, shi ya sa take shan ruwa ba ta lanƙwashe ba, musamman in an manne gefunanta huɗu da tef a jikin allo. Na kuma san ma'anar haruffan da ke jikin fensir, abin da nake gani tun ina firamare ban taɓa tambaya ba: H mai tauri, B mai laushi da baƙi. Ka ba shi HB don shata, 2B don inuwa, ka ce 6B ya jira. Sai alƙalami ɗaya wanda ruwa ba ya wanke tawadarsa, da buroshi biyu, da ƙaramin akwatin kala. Ko rabin kuɗin da na zo da su ban kashe ba. Ka ƙara da cewa hunturun Jos kan busar da kala kafin a gama shafawa, don haka ya riƙa jiƙa wuri kaɗan-kaɗan, ya fara da launi mai haske, ya bar farin takarda a tsakiyar wutar.

Inda abin ya shige ni shi ne dabarar girmama hoto. Na ciro tef ɗina na awo na auna katin, santimita 6.3 ne a faɗi, 8.8 a tsawo. Yaron shago ya ja layukan murabba'i na santimita ɗai-ɗai a kan farar leda, ya ɗora a katin don kada a ɓata shi, sannan aka ja na santimita uku-uku a takardar A4. Abin da ke wannan gida a mayar da shi wancan gida. Ai mu ma haka muke ƙara girman zanen wuyan babbar riga! Ka kuma ce ya yi haka sau biyu ko uku kawai, daga nan ya yar da ledar, ya fara da da'ira da siffar ƙwai, don ido ya koyi awo da kansa.

Yaron shagon ne ya nuna masa wani ɗan mitsitsin rubutu a ƙasan katin: Mitsuhiro Arita, wanda ya zana hoton. Ya gaya masa katunan sun fara fitowa a Japan a 1996, na Turanci a 1999, kuma Satoshi Tajiri da ya ƙirƙiro Pokémon yaro ne mai yawon kama ƙwari a da. Ɗana ya yi tsit. Shi duk a zatonsa inji ke fitar da hotunan. Kai kuma ka ja masa kunne: ya sa sunansa a ƙasan zanensa, ya rubuta na wanda ya kwaikwaya, kuma kada ya kuskura ya sayar wa wani a matsayin kati.

Yanzu zanen yana rataye saman kekena. Fiffiken hagu ya ɗan fi na dama gajarta, ni da nake cin abinci da awo ba zan ɓoye ba, amma wutar jelar ta fito, har masu kawo ɗinki suna tambaya.

Allah ya ƙara buɗi, Alhaji, ya albarkaci zuri'a, ya ba yaron shagonka nasa shagon. Roƙona ɗaya, a riƙa ajiye takardar nan mai kauri da yawa, sau biyu muna zuwa ta ƙare. Asabar mai zuwa muna tafe. Ɗana ya bar kwaikwayo, ya ƙirƙiro tasa halittar, wata bushiya mai duwatsun Shere a gadon baya, kuma ya ƙi nuna mini sai kai ka fara gani.

Naka,
Mahaifin yaron, Unguwar Rogo, Jos.