A Riƙa Fayyace Manufa a Takardar Neman Aikin Manhaja

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan wata matsala da nake yawan gani a takardun da matasanmu masu haɗa manhajar kwamfuta suke rubutawa, a Samaru da Kongo da ke Zariya, idan suna neman tallafi ko amincewar malami.

Kwanan baya wani ɗalibi ya kawo mini tasa takardar, kuma a wurin manufa ya rubuta cewa yana so ya inganta harkar lafiya ta hanyar fasahar zamani. Wannan buri ne kawai, domin babu ranar da za a iya cewa an cim ma sa. Da muka zauna, sai ya bayyana cewa manhaja yake nufin yi wa masu kemis a Sabon Gari. Muka sake rubutawa kamar haka: manhajar za ta sanar da mai shago kwana 30 kafin wa'adin magani ya ƙare, za ta yi aiki a wayar Android ko da babu intanet, kuma za a gwada ta a shaguna uku cikin wata huɗu.

Tun a 1981 George Doran, wani masanin harkar gudanarwa na Amurka, ya ba da shawarar cewa manufa ta zama takamaimiya, mai aunuwa, mai wa'adi. A ganina aunuwar ce ta fi wuya, ita ce kuma ake tsallakewa. Ina kira ga malamai da kada su sa hannu kafin ɗalibi ya faɗi yadda za a gwada aikinsa.

Naka,
Wani malami daga Samaru, Zariya.